Amina Sarauniyar Zazzau: Tarihin Rayuwarta da Fuskar da Fensir Ya Ƙaga Mata

Tsakure

Amina ta Zazzau na cikin mutanen da sunansu ya fi fice a tarihin ƙasar Hausa, amma madogaran da suka ambace ta ba su faɗi komai game da kamanninta ba. Duk da haka, ɗalibin firamare a yau kan ga zanen wata mace a littafi ya ce ga Sarauniya Amina. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Amina kamar yadda rubutattun madogara da tarihin baka suka kawo ta, tare da waiwayen ƙasar kudancin Kano wadda ke tsakanin Zazzau da birnin Kano. Daga nan ta dubi yadda aka ƙaga mata fuska a ƙarni na 20, da yadda mai zanen fensir ke cusa yanayin zuciya da alamomin matantaka a wannan fuska. Maƙalar ta gano cewa abin da ake karantawa a zanen hujja ne a kan zamanin mai zane da al'adar mai kallo, kuma ya rufe ɓangaren da tsofaffin madogara suka fi ƙarfafawa a rayuwarta, wato haraji da fatauci.

Fitilun kalmomi: Amina, Zazzau, zanen fensir, matantaka, kunya, kwarjini

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana adana manyan mutanensa ta hanyar kirari da waƙa da jerin sunayen sarakuna da sunayen wurare. Adana kamannin fuska bai shiga cikin wannan al'ada ba. Fasahar hannu a ƙasar Hausa ta fi karkata ga zanen bango da ɗinkin riguna da sassaƙar ƙwarya da zayyanar Alƙur'ani, kuma matsayin malamai game da sūranta mai rai ya ƙara nesanta fada da zanen mutum. Saboda haka babu wani sarkin Haɓe na Zazzau ko na Kano da aka gaji hoton fuskarsa daga zamaninsa.

Amina ta fita daban, domin ita an yi mata fuska daga baya, fuskar kuma ta karɓu har ta zama kamar gaskiya. Ana ganinta a littattafan makaranta da jikin bango da shafukan intanet, ɗalibai kuma na kwaikwayonta da fensir a darasin zane. Masu kallo kan ce sun ga jarumta a idonta, wasu su ce natsuwa, wasu kaɗaici. Tambayar da ta dace manazarcin Hausa ya yi ita ce: daga ina waɗannan siffofi suka fito, kuma mene ne haɗinsu da matar da tarihi ya sani? Amsa ba za ta samu ba sai an fara tantance abin da aka sani game da ita.

2.0 Madogaran Tarihin Amina

Rubutattun madogara biyu ne ginshiƙi. Na farko shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya kammala a 1812, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi. Bello ya ambaci Amina a matsayin 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta yaƙi ƙasashen Hausa ta rinjaye su har Katsina da Kano suka riƙa ba ta haraji, ta kuma yaƙi ƙasashen Bauchi har ikonta ya kai ga babban ruwa ta kudu da yamma, sannan ta rasu a Atagara. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya sadu da Bello a Sakkwato a 1824, ya tafi da wani yanki na littafin zuwa Ingila, aka fassara shi aka buga a 1826. Ta haka sunan Amina ya fara isa ga masu karatu a Turai.

Na biyu shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, daga baya fassarar Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wannan littafi ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda lissafin Palmer ya ba shekarun 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kowane gari na kai mata haraji, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, a zamaninta ne kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi.

Akwai madogara ta uku, wato jerin sarakunan Zazzau da tarihin baka na Zariya. Jerin ya ambaci Bakwa Turunku, wanda ake sanya sarautarsa a wajejen 1536, amma bai lissafa Amina cikin waɗanda suka hau gadon sarauta ba. A nan saɓani ya taso. Idan ita 'yar Bakwa ce, to ta rayu a ƙarni na 16, kuma wannan ra'ayi Abdullahi Smith ya fi karkata gare shi. Idan kuwa aka bi Tarihin Kano, to ta riga Bakwa da fiye da shekara ɗari. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, ya yi maganar Zazzau da Kano da Katsina, amma bai ambaci wata sarauniya ba. Ko wane ra'ayi aka ɗauka, tsakanin Amina da rubutu mafi tsufa da ya ambace ta akwai aƙalla shekara ɗari biyu.

3.0 Rayuwarta

3.1 Asali da Tasowa

Tarihin baka ya danganta gidan su Amina da Turunku, wani tsohon gari mai duwatsu wanda a yau yake hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Daga can ne aka ce Bakwa ya mai da cibiyar mulki zuwa yankin dutsen Kufena, inda birnin Zariya ya kafu. Ruwayoyi sun saɓa a kan Bakwa kansa, wasu sun ce namiji ne, wasu sun ce mace ce. An ce Bakwa na da 'ya'ya mata biyu, Amina da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta.

Ruwayar da ta fi yaɗuwa a littattafan makaranta ta ce an haifi Amina a wajejen 1533, ta tashi a fadar kakanta tana jin yadda ake shawarar mulki da yaƙi, aka naɗa ta Magajiya tana da shekara 16. Bayan rasuwar Bakwa sai ɗan'uwanta Karama ya yi sarauta, ita kuma ta yi suna a cikin rundunarsa, har sarauta ta faɗo mata a 1576. Waɗannan shekaru lissafi ne na masana na baya-bayan nan, waɗanda suka ɗora shekara 34 ɗin nan ta Tarihin Kano a kan jerin sarakunan Zazzau suka sami 1576 zuwa 1610.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne mata sun riƙe iko na gaske a daulolin Hausa. Tarihin Daura ya fara da jerin magajiyoyi. Tarihin Kano ya ba da labarin Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa (1499–1509), wadda ta hana tawayen Dagaci yin tasiri lokacin da ɗanta ke wajen yaƙi. Gidan sarautar Haɓen Zazzau da ya koma kudu bayan jihadi, ya kafa Abuja wadda ake kira Suleja a yau, ya ci gaba da riƙe sarautun Sarauniya da Iya. Don haka mace mai faɗa a ji a fadar Zazzau ba baƙon abu ba ce. Abin da ya bambanta Amina shi ne an jingina mata jagorancin runduna.

3.2 Yaƙi, Haraji da Fatauci

Zazzau ita ce ta kudu a cikin Hausa Bakwai, kuma a rabon aikin da labarin Bayajidda ya yi wa 'ya'yan Bawo, ita aka bai wa sha'anin bayi, kamar yadda aka bai wa Kano da Rano sha'anin baba da rini, Gobir kuma yaƙi. Wannan rabo na nuna matsayin Zazzau a matsayin ƙofar kudu. Yaƙe-yaƙen da aka jingina wa Amina duk sun fi fuskantar wannan ɓangare: Nupe ta kudu maso yamma, Kwararrafa ta kwarin Binuwai, da ƙasashen tuddai da Hausawa ke kira Bauchi.

Idan aka lura da abin da Tarihin Kano ya zaɓa ya faɗa, za a ga bai kawo sunan fagen fama ko ɗaya ba. Kaya ya lissafa. Goron da ya ambata ya dace da abin da aka sani game da ƙasar Nupe, inda ake noman goron labuje wanda sarakuna ke ji da shi. Babanni kuwa alama ce ta fada mai girma da tsarin mulkin da ya dogara ga bayin sarki. Littafin ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Ke nan marubucin ya ɗauki Amina a matsayin wani mataki na shigar ƙasar Hausa cikin babban fataucin Afirka ta Yamma. Mace ce da ta mallaki hanyoyi, ta san abin da ke bi ta kansu, ta kuma ɗora musu haraji.

Gadon da baki ya fi riƙewa shi ne ganuwa. An ce duk inda ta ya da zango sai ta sa a kewaye shi, shi ya sa ake kiran tsofaffin ganuwoyi da dama da ganuwar Amina. Sunan ya zama na gama-gari, bai kuma isa hujjar cewa ita ta gina kowace ɗaya ba, domin ginin ganuwa ya girme ta. Tarihin Kano kansa ya ce an fara ganuwar Kano tun zamanin Gijimasu, a ƙarni na 12.

3.3 Ƙasar Kudancin Kano

Maganar Muhammadu Bello cewa Kano ta ba Amina haraji tana jan hankali zuwa ƙasar da ke tsakanin biranen biyu, wato yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Ƙiru na kan hanyar Kano zuwa Zariya ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada da Doguwa kuma sun miƙa kudu ta dajin Falgore har duwatsun Riruwai. Bebeji tsohon zango ne mai ganuwa a kan hanyar fatake. Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ma ta nan ta biyo, ta fasa ƙofar garin, kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Rundunar da ta taso daga ɗayan biranen nan biyu tana nufin ɗayan, wannan ƙasa ce ke fara jin kofaton dawakinta.

Tarihin Kano ya nuna an daɗe ana wannan kai-komo. Sarki Kanajeji (1390–1410), wanda aka ce shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, ya kai yaƙi har Turunku aka koro shi, ya sake shiri ya koma ya kashe Sarkin Zazzau. Abdullahi ɗan Rumfa shi ma ya yaƙi Zazzau. Abin lura shi ne littafin, da ya zo kan Amina, bai lissafa Kano cikin garuruwan da suka miƙa wuya ba, alhali Bello, wanda ba Bakano ba ne, ya ambace ta da suna. Kowane marubuci ya kalli matar daga inda yake tsaye. Wannan ya isa ya tunatar da manazarci cewa wadda Zariya ke kira gwarzuwa, manomin da ke kan iyaka a wancan zamani yana iya saninta ne a matsayin mai rundunar da ke cinye amfanin gona ta kama mutane.

3.4 Zancen Aure da Rasuwarta

Tarihin baka ya ce Amina ba ta yi aure ba, ba ta kuma haihu ba. Akwai ruwayar da ke cewa a kowane gari ta ci takan zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe ta sa a kashe shi. Bello bai kawo wannan ba, Tarihin Kano ma bai kawo ba. Irin wannan labari ya fi bayyana damuwar masu ba da shi game da macen da ba ta ƙarƙashin miji, kuma an jingina makamancinsa ga wasu sarauniyoyi a wasu sassan duniya. Game da ƙarshenta, Bello ya ce ta rasu a Atagara, wurin da masana ke dangantawa da yankin Idah na ƙasar Igala, a Jihar Kogi ta yau. Ta mutu ke nan nesa da gida, a can ƙarshen ƙasar da ta ci.

4.0 Yadda Aka Ƙaga Mata Fuska

Fuskar Amina 'yar ƙarni na 20 ce. Bayan samun 'yancin kai a 1960, musamman bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Nijeriya ta shiga neman gwarazan da za su zama na kowa. Amina ta dace da wannan buƙata: 'yar Arewa ce, ta riga Turawa, ta riga jihadi, kuma mace ce. A 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata, hukumar gidan waya ta Nijeriya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da surarta. Shekara biyu bayan haka aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas da Kaduna, aka kuma kafa mutum-mutuminta a Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da ke Legas. Sunanta ya hau kan makarantar 'yan mata a Kaduna da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas. A 2021 fim ɗin Izu Ojukwu mai suna Amina ya fito a Netflix.

Zanen da ya fi tasiri na Erhabor Emokpae ne (1934–1984), mutumin birnin Benin, wanda ya yi aikin ƙawata Babban Ɗakin Wasannin. Asalinsa na da muhimmanci a nan. Fadar Benin ta gaji al'adar sassaƙa fuskokin sarakuna da iyayensu mata da tagulla da hauren giwa, kuma fuskar Idia, mahaifiyar Oba Esigie, wadda aka sassaƙa a ƙarni na 16, ita ce tambarin FESTAC. Idia ta sami fuska a hannun masassaƙan fadar ɗanta. Amina ta sami tata bayan ɗaruruwan shekaru, a hannun mai zanen da ya fito daga al'adar da ke ganin babban mutum ba ya cika sai da sura.

Wannan ba a kan Amina aka fara ba. Hoton Sarauniya Nzinga ta Angola da ya fi yawo a duniya aikin wani Bafaranshe ne, Achille Devéria, wanda ya yi shi a shekarun 1830, alhali ta rasu tun 1663. Jarumar Faransa kuwa, Jeanne d'Arc, zane ɗaya tak ya rage daga waɗanda aka yi mata tana raye. Wani magatakarda a birnin Faris ne ya zana ta a gefen rajista a watan Mayun 1429 ba tare da ya taɓa ganinta ba. Ya ba ta takobi da tuta, ya kuma ba ta dogon gashi da rigar mata, alhali ita gajeren gashi gare ta, tufafin maza take sawa. Hannunsa ya zana macen da kansa ya saba da ita.

5.0 Yanayin Zuciya da Matantaka a Zanen Fensir

Surorin Amina iri biyu ne. Akwai na mahayiya a kan doki da takobi a zare, akwai kuma na kai da kafaɗa. Na biyun ne masu zanen fensir suka fi kwaikwayo, kuma shi ya fi buƙatar nazari, domin babu doki ko runduna da za su yi wa mai zane magana. Komai ya rataya a kan fuska.

5.1 Ido, Gira da Baki

Fensir ba shi da launi. Abin da mai zane ke da shi shi ne farin takarda da matakan duhu, daga fensir mai tauri wanda ke ba da siririn layi mai haske zuwa mai taushi wanda ke ba da baƙi mai kauri. Da waɗannan yake gina yanayin zuciya. Idan ya sauke fatar ido kaɗan, fuska ta yi sanyi. Idan ya matso da gira kusa da ido ya duhunta tsakaninsu, ta yi tsanani. Ɗigon farin da ya bari a ƙwayar ido shi ke sa a ga kamar akwai rai, ko ma ƙwalla. Ɗan lanƙwasa a gefen leɓe na iya mai da shiru ya zama murmushi ko raini.

Mai kallo Bahaushe yana zuwa da nasa ma'aunin. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa kunya da haƙuri da hankali da mutunci cikin ginshiƙan halin kirki a wurin Bahaushe. A al'adance an fi tsananta kunya a kan 'ya mace, kuma a ido ake fara ganinta: sunkuyar da kai, kawar da kallo, rashin ƙura wa babba ido. Sarauta kuwa tana neman kwarjini, wato fuskar da ke sa wani ya sunkuyar da nasa kan. Mai zana Amina yana tsakanin waɗannan buƙatu biyu. In ya sa ta dubi ƙasa, ya sami mace mai kunya ya rasa sarauniya. In ya sa ta ƙura wa mai kallo ido, ya sami mai mulki, amma wani zai ce ta cika tsaurin ido.

Mafitar da aka fi bi ita ce a karkata fuskar gefe, a sa idon ya dubi nesa, a rufe baki. Wannan kallo bai haɗu da na kowa ba, don haka bai keta kunya ba, bai kuma sunkuya ba, don haka bai zubar da kwarjini ba. A Hausance ya fi kusa da kawaici, wato ganin abu a yi kamar ba a gani ba, halin da ake yaba wa sarki ake kuma yaba wa uwargida. Shi ya sa masu kallo ke saɓawa a kan abin da suka gani. Fuskar da aka hana motsi takan karɓi duk abin da aka zo mata da shi. Wanda ya ji labarin yaƙi zai ga azama, wanda ya ji labarin rashin aure da mutuwa a baƙon wuri zai ga kaɗaici, alhali layukan fensirin ba su canza ba.

5.2 Alamomin Matantaka

Matantaka a nan na nufin siffofin da al'ada ke jingina wa 'ya mace. Kwalliyar Bahaushiya ta dogara ƙwarai ga launi: jan lalle a hannu da ƙafa, shuni a gashi, jan goro ko fure a haƙori. Duk waɗannan fensir ba ya iya kawo su. Abu ɗaya da yake kawowa cikin sauƙi shi ne kwalli, domin baƙinsa da ɗan ƙyallinsa sun yi kama da na bakin fensir. Saboda haka nauyin matantaka yakan koma kan ido da gira, sai 'yan kunne da abin wuya da laushin inuwar kumatu, wanda ake samu ta murza zanen da yatsa ko auduga har layi ya ɓace.

Wannan laushi na da sakamako. Fatar da aka murza ba ta da tabo, ba ta da tsagar gado, ba ta da tamoji. Amina ta masu zane kusan kullum budurwa ce ko matashiya, alhali bisa lissafin da littattafan makaranta suka ɗauka ta haura shekara 40 kafin ta hau mulki, ta kuma kusa 80 lokacin rasuwarta. Macen da ta yi shekara 34 tana hawa da sauka cikin rana da ƙura ba za ta kasance da irin wannan fata ba. Mai zane ya ɗauki ƙuruciya da kyau a matsayin sharaɗin zama mace, ya cire dattijantaka, wadda a fadar Hausa ita ce tushen ikon Magajiya da Iya.

Abin da ke kanta ma zaɓi ne. Ɗankwali na nuna mace, rawani da amawali na nuna sarki, kwalkwali na nuna barde. Masu zane da yawa kan haɗa biyu ko uku, su fito da wani abu da babu wata madogara da ta siffanta. Wannan haɗi yana maimaita tunanin da ke cikin yabon da ake yi wa mace mai ƙwazo ta hanyar kamanta ta da namiji: ana yaba mata, ana kuma nuna cewa jarumta ba gidanta ba ne, aro ta yi.

5.3 Abin da Zanen Ya Bari

Idan aka jera zanen da madogara, za a ga sun yi hannun riga. Madogara sun ba da goro da babanni da haraji da ganuwa, ba su ba da fuska ko hali ba. Zanen ya ba da fuska da hali, ya bar sauran. Ba a cika ganin Amina zaune tana karɓar jakadun Nupe ba, ko tana duba aikin ganuwa, ko tana yanke wa fatake fito. Haka nan babanni 40 ɗin nan mutane ne da aka raba da danginsu aka nakasa, kuma daular da ke kan ƙofar kudu da kamen bayi ta yi arziki. Fuska mai natsuwa da idon kwalli ba ta barin mai kallo ya tuna da su.

6.0 Kammalawa

Amina mace ce daga gidan sarautar Zazzau wadda, a ƙarni na 15 ko na 16, ta faɗaɗa ikon ƙasarta zuwa kudu, ta mallaki hanyoyin fatauci, ta bar suna a kan ganuwoyi, ta rasu a Atagara. Wannan shi ne iyakar abin da madogara suka haɗu a kansa. Fuskar da aka san ta da ita kuwa an haife ta ne a Nijeriyar shekarun 1970, kuma kowane mai fensir da ya sake zana ta yana sake yanke hukunci a kan yadda mace mai iko ta kamata ta dubi mutane.

Zanen yana da daraja a wurin manazarcin Hausa, in dai an ajiye shi a muhallinsa. Madogara ce mai kyau ga mai nazarin kunya da kwarjini da kawaici a tunanin Bahaushen yau, da mai nazarin yadda ƙasa ke ƙera gwarazanta. Ga mai neman Amina ta tarihi kuwa, aikin yana Turunku da Kufena, da tsofaffin ganuwoyin da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, da bakin dattawan garuruwa irin su Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda kakanninsu suka zauna a tsakanin daulolin biyu. Ya kamata littattafan makaranta su riƙa rubuta sunan mai zane da shekarar zanen a ƙarƙashin hoton, domin yaro ya san hannun da ya yi fuskar da yake kallo.